Yadda Hazen Ya Kawo Teku Bayan Gidansa

Mu mutanen tsibirin Grand Manan ba mu da bakin yi wa kowa dariya. Mu ne masu yawo da busasshiyar ciyawar teku a aljihu, muna ciro ta muna tauna a coci, a wurin jana'iza, har a gaban likita. Dals muke kiranta. Ja ce, ga gishiri, kuma baƙo in ya ɗanɗana sai ya yi murmushin dole ya nemi inda zai juya baya. To amma ko a cikin irinmu akwai wanda ya yi zarra, shi ne Hazen Daggett na ƙauyen Castalia.

A ba Hazen haƙƙinsa, ba rago ba ne. Bakinsa ne kawai ya fi hannunsa sauri. Tun yana yaro yake bin mahaifinsa Dark Harbour, can yammacin tsibiri, inda bangon dutse ya tokare sama ya hana rana leƙowa sai ta kusa tsaka, ruwan kuma sanyinsa har cikin ƙashi. Nan dals take so. Ba ta kuma yarda a taɓa ta sai wata ya cika ko ya ɓace, lokacin da teku ke janyewa can nesa ya bar duwatsun ƙasa a fili. Sai ka shiga kwale-kwale ka je, ka sunkuya kana tsinka da hannu, kana barin gindin a jikin dutse don ya sake tohowa, kana yi kana waiwaye, don ruwanmu in ya tashi dawowa ba ya sallama.

Da tsohon ya rasu, Verna, yayar Hazen, ta gaji filin shanya, shi kuma Hazen, autan gidan, ya gaji kwale-kwalen. Koren jirgi ne na katako, kuma a gefen kujerar baya akwai wani wuri da tafin hannun tsohon ya goge har ya yi santsi. Hazen yana son jirgin nan fiye da yadda zai iya faɗa, wanda ga mai baki irin nasa ba ƙaramin abu ba ne. Verna ma tana so, ba ta taɓa ɓoyewa ba, tunda nata na kwano ne mai yoyo.

Abin ya faro ne wata safiya a filin shanya. Kowa ya dawo daga tsinka, ana zazzaga jiƙaƙƙiyar dals a kan raga bisa duwatsu. Hazen ya miƙe, bayansa ya yi ƙara, ya dafe ƙugu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Mu fa wawaye ne," in ji shi. "Kun taɓa ganin manomi ya shiga jirgi yana bin dankalinsa? A bayan gida yake shuka abinsa, ya fito da kofin shayi yana kallo."

"Dankali ba ya shan ruwan gishiri," in ji Verna, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ke Yaya, ki yi tunani mana. Abin nan cikin duhu yake, cikin sanyi, ba mai kula da shi, amma ya kai tsawon hannu. To ina ga ya samu rana? Ina ga ya samu ɗumi? Sai an sa tsani kafin a tsinke shi!"

Tsoho Burton Ingalls, maƙwabcin Hazen, ya gyara haƙoransa na roba da harshe. "Tsani ko? To ka yi magana da wuri, in ba ka aron nawa."

"Yi dariyarka, dattijo. Ranar bikin gari na Agusta duk ku zo bayan gidana. Za ku ga dals ɗin da ba a jiƙa ƙafa ba aka same ta."

"In ba mu gani ba fa?" in ji Verna.

"In ba ku gani ba, ki ɗauki jirgin Baba!"

Ardith, matar Hazen, ta rufe fuska da hular da ke hannunta. Sai a lokacin Verna ta ɗago kai, ta share hannu a riga, ta waiwayo gare mu.

"Kun dai ji ko?"

Mun ji, kuma a wurinmu maganar da aka yi a filin shanya gaban jama'a ba ta komawa ciki. Hazen ma ya ji kansa. A hanyar gida hankalinsa ya tashi, amma bakin bai samu labari ba, har suka isa yana yi wa Ardith bayanin inda za a ajiye tsanin.

Ya samo wani tafkin wanka na roba, irin mai zagayayyen bangon kwano, daga wasu baƙi masu zuwa hutu da suka gaji da shi. Ya kafa shi a bayan gida, a saman gangaren da ke sauka zuwa titi, inda gidan Verna yake a ɗaya gefen. Daga nan ya shiga jigilar duwatsu masu dals a jiki daga Dark Harbour, har bayan motarsa ya zauna a ƙasa tana tafiya hanci a sama.

"Mazan mutane furanni suke kawo wa matansu," in ji Ardith daga taga. "Ni nawa duwatsu."

"Ki bari su fara haihuwa, za ki ce na faɗa miki."

Ya cika tafkin da ruwan teku, ganga bayan ganga. Da farko kam abin ya yi kyau, ja wur a ƙarƙashin ruwa. Hazen ya fito da kujera da kofin shayi ya zauna bakin hanya, duk wanda ya wuce zai tafi tsinka sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "A gaida sanyi!" Kada kuma ku ɗauka mun fi shi hankali. A makon nan an ga manyan mutane da dama suna taka bayan gidajensu a ɓoye, suna auna inda tafki zai zauna.

Sai rana ta yi aikinta. Ruwan ya yi ɗumi, dals ta fara koɗewa, daga ja ta koma wani launi tsakanin kore da rawaya. Burton ya leƙo ta kan shinge, ya tsoma yatsa.

"Saura ganyen shayi da madara," in ji shi.

"Baƙunta take yi. Kai ma in aka kai ka sabon wuri ai sai ka rame."

"Ni in aka dafa ni ma sai in rame."

Hazen ya garzaya bakin tasha inda masunta ke sayen ƙanƙara, ya ciko mota ya juye a tafki. Ruwan ya yi sanyi, ya yi ta tafa wa kansa. Da ƙanƙarar ta narke sai gishirin ruwan ya salance, dals ta kwanta laƙwas a jikin duwatsu. Ya ruga kanti ya kwashe duk gishirin da ke kan kanta, har na cikin sito. A makon nan duk Castalia lami aka ci, kuma matan gari suka riƙa aiko yara gidan Ardith da kofi, a ce a ɗebo musu daga tafki tunda can gishirin gari ya koma.

"Matsalar rana ce," Hazen ya sanar da mu, kamar shi ya fara ganowa. "Inuwa take so. To zan gina mata dutse."

Ya kafa allunan katako dogaye ta gabas, ya shafa musu baƙin fenti, ya sa wa wurin suna Dark Harbour Ƙarami. Bangon ya yi kwana biyu yana tsaye da mutunci. Sai iskar kudu ta taso, ta ɗauke shi ɗungurungum ta kifa a kan tumatirin Burton, wanda yake lallaɓawa tun farkon shekara kamar jariri.

Burton ya fito da sanda. "Hazen! Dutsenka ya faɗo a gonata!"

"Ai ka ga amfanin nawa ke nan, dattijo. Da na gaske ne da yanzu ba ka da gida."

"Da na gaske ne da yana nan inda Allah ya ajiye shi, kai ma kana ƙarƙashinsa kana aiki!"

Bayan haka Hazen ya koma kan bargunan Ardith. Ita gwanar ɗinkin bargo ce, kuma a lokacin tana haɗa wani babba na coci da jan zare na musamman da ta yi oda daga ƙetaren ruwa. Ya kwashi tsofaffin ya ɗaure a kan sanduna suka zama rumfa. Ta fito ta ga aikin shekaru yana lilo a kan ruwan gishiri, ta koma ciki ta rufe ƙofa a hankali. Mazan da suka daɗe da aure sun san wannan ya fi zagi.

Wata rana Verna ta hau gangaren ta tsaya tana kallo, hannu a aljihu.

"Auta, dals ta saba ruwa ya tafi ya dawo. Ta saba igiyar ruwa ta kaɗa ta. Ka mayar da duwatsun nan kawai, mu ce wasa ka yi."

Da ya karɓa da an wuce wurin. Amma Burton yana jingine a shinge yana ji.

"Abin da nake shirin yi ke nan, Yaya, kika riga ni faɗa," in ji Hazen. "Gobe za ki ga ruwa yana tafiya yana dawowa da izinina."

Ya sa tiyo, safe da yamma yana zuƙe tafkin yana sake cikawa. Ruwan da ya zuƙe kuwa ya bi ta cikin lambun Ardith, waken da ta shuka ya ƙone ƙurmus. Batun igiyar ruwa kuma, ya turo jirgin Baba a kan amalankensa mai taya biyu, ya manna bayansa da bangon tafki, ya tokare tayar da dutse, ya sauke farfelar inji cikin ruwan. Ja ɗaya ya yi wa igiyar inji. Kafin ya lalubo inda ake kashewa, ɗan abin da ya rage na dals ya zama miya. Kwana kaɗan wari ya tashi, irin wanda tsuntsayen teku suka zo dubawa suka juya da kansu.

Ana gobe biki, Hazen ya zubar da miyar, ya cika tafkin da sabon ruwa, ya tsaya yana kallon duwatsu tsirara. Ya hau jirgin ya zauna a kujerar baya, ya ɗora hannu a wurin nan mai santsi. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba ko a cikin hazo.

"Hazen," ya ce wa kansa, "kai jaki ne. Amma jakin da bai shirya rabuwa da jirgin ubansa ba."

Washegari da sassafe Verna ta dawo daga tsinka, ta jibge buhunanta a filin shanya ta tafi karyawa. Da ta dawo buhu ɗaya ya yi ƙafa. Ardith kuma tana coci tana gasa burodin biki, ba ta ga mijinta ya shiga ɗakin ɗinkinta ya fito da ƙunshin jan zare ba. Ya sa dogon takalmin roba, ya shiga tafki, ya bi duwatsun yana ɗaure ganye ɗaya bayan ɗaya. Ja a kan ja, ko kusa ba a gani. Mutumin da ya ƙi sunkuyawa a Dark Harbour ya sunkuya a bayan gidansa har rana ta take.

Da yamma gari ya hallara. Fasto ya zo, baƙi masu hutu sun zo da na'urorin ɗaukar hoto, Burton ya zo da tsaninsa a kafaɗa don cin fuska. Hazen ya yaye bargunan. Dals ce cike da tafki, ja, mai faɗi, tana ɗan rausaya a ƙarƙashin ruwa. Burton ya sauke tsanin a hankali. Waɗanda suka auna bayan gidajensu suka shiga kallon juna suna gyaɗa kai, kowa na nuna dama shi ya san za a yi.

Verna ta daɗe tana kallo daga nesa. Fuskarta ta sauka, don ta riga ta sa rai.

"To, Auta," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na gani. Jirgi naka ne."

Shi ke nan fa, ya ci. Abin da ya rage kawai ya mayar da barguna ya raba wa mutane shayi. Amma baƙi sun ɗaga na'urori, fasto yana jinjina kai, kuma Hazen bai taɓa ganin idanu masu yawa haka a kansa ba.

"Ba ku ga komai ba tukuna!" in ji shi. "Ku tsaya ku ga igiyar ruwa!"

Ya haye jirgin, ya ja igiyar inji, a ransa yana cewa kaɗan-kaɗan zai yi wannan karon. Ruwan ya fara juyawa. Ganye ɗaya ya saki dutse ya taso sama, sannan wani, sannan suka taso gaba ɗaya suna zagaye, kowanne da ɗan ƙullin zare a wuya. Burton ya miƙa hannu ya cafko ɗaya ya jefa a baki. Ya tauna, ya tsaya, ya sa yatsa ya fara jawo wani abu. Ya ja, ya ja, zare na fitowa ba ya ƙarewa, har ya fito tare da haƙoran a ƙarshensa suna lilo.

"Ikon Allah," in ji Burton da dasashi. "Dals mai igiya!"

"Zarena!" Muryar Ardith ta tsaga taron. "Hazen Daggett, zaren bargon coci ne wannan!"

"Saiwa ce, Ardith! Irin ta gida haka take fitar da saiwa!"

Verna ta matso ta tsamo ganye ɗaya, ta juya shi ta dubi ƙasansa. Ba gindi, an tsinke shi ne a karkace, yadda mai tsinka da hagu ke yi, kuma duk tsibirin an san wace ce bahaguwa.

"Tsinkar hannuna ce," in ji ta. "Ashe nan buhuna ya zo biki."

Dariya ta ɓarke. Hazen ya kai hannu zai kashe inji, a ruɗe ya murɗa shi zuwa ƙarshe. Zare ya nannaɗe farfela, injin ya yi tsalle ya daki bangon kwano, bangon ya tsage daga sama har ƙasa. Duk tekun Hazen ya fito lokaci ɗaya. Ya share ƙafafun fasto, ya kwashi tsanin Burton, ya ture dutsen da ya tokare tayar amalanke.

Jirgin ya fara tafiya. Da farko a hankali, kamar yana tunani, sannan ya miƙa gangare da gudu, Hazen a kujerar baya ya riƙe sandar inji da hannu biyu yana karkata ta dama da hagu, kamar hakan zai yi wani abu a kan ciyawa. Ya tsallake titi, ya shige ta ƙofar shingen Verna, ya bi ta kan furanninta, ya je ya tsaya cak, hancinsa a jikin matakalar ƙofarta.

Muka bi shi a guje, takalma na fitar da ruwa. Verna ce ta ƙarshe, don ita takawa ta yi. Ta zagaya jirgin, ta duba ko ya fashe, ta ga lafiyarsa ƙalau.

"Har gida ka kawo min," in ji ta. "Na gode, Auta. Ka hutar da ni."

Hazen bai sauka ba. Akwai ganyen dals a kan kunnensa, hannunsa kuma na kan wurin nan mai santsi, ya kasa ɗagawa. Wannan karon da ya buɗe baki, da ƙyar na kusa suka ji.

"Yaya, kujerar baya..."

"Tawa ce."

"Ta tsakiya fa?"

Verna ta dube shi, ta cire masa ganyen daga kunne ta jefar. "Ba kowa a kai. Gwangwanin kwarfe ruwa ma yana nan ƙarƙashinta, inda kake ajiye shi kana yaro. Ka zo da buhunka, da wanda ka ara."

Da wata ya sake cika, aka ga koren jirgi ya fita daga Dark Harbour cikin inuwar dutse, Verna a baya, Hazen a tsakiya gwiwoyinsa a ƙirji. Jirgin katako in ya shafe lokacin zafi a tudu rana na dukansa, allunansa buɗewa suke, don haka ruwa ya riƙa shigowa ta ko'ina, mai sanyin da ke sa haƙori kaɗawa. Hazen ya waiwaya ya ga hannun yayarsa a wurin hannun Baba, ya zauna daidai kamar don ita aka goge shi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya juyar da kai. Jirgin Burton na biye da su kusa, tsohon yana washe sababbin haƙora.

"Ka dai gani da idonka, dattijo," Hazen ya ɗaga murya. "Tun da aka kafa tsibirin nan, wa ya taɓa tuƙa jirgi a kan titi in ba ni ba? Kuma da a ce na ƙara gishiri kaɗan..."

"Auta," in ji Verna.

"Na'am, Yaya."

"Ruwa ya kai idon sawuna."

Hazen ya sunkuya, ya laluba ƙarƙashin kujera, ya ɗauko gwangwanin.